Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato: A Auna Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Kafin A Dogara Da Shi

Guangzhou,
Lardin Guangdong, Ƙasar Sin.

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
Alhaji Ahmad Aliyu,
Gidan Gwamnati, Sakkwato.



Ranka ya daɗe,

Ina neman izini in gabatar da wata magana a kan ruwan sha, musamman ruwan nan da Allah cikin hikimarsa ya ajiye a can ƙarƙashin ƙasa mai nisa, inda guga ba ya kaiwa, sai injin haƙa da bututun ƙarfe. Na rubuta ta a buɗe domin lamarin ya shafi attajirin da ke haƙa rijiyar burtsatse don neman lada, da manomin fadama, da ɗan garuwa mai tura kura, da matar da ke sammako da jarka, kamar yadda ya shafi hukuma, sai dai kai ne wanda in ka ce a yi za a yi.

Ni falke ne, ɗan Sakkwato, mazaunin wannan birni na Guangzhou, inda 'yan'uwanmu Hausawa na Nijeriya da Nijar da Gana suke haɗuwa a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli suna sayen kaya suna aikawa gida. Duk wanda ya lura da abin da ake lodawa cikin kwantena a 'yan shekarun nan zai ga cewa, ban da yadi da takalma da wayoyi, injunan tsotson ruwa da ake zurawa cikin rijiya, waɗanda ake kira sumo, da bututai, da faifan sola, sun kama wuri babba. Wannan alheri ne, ba na musun haka, kuma da shi waɗansunmu suke cin abinci. Amma akwai wani abu da ya canza wanda ya kamata mai mulki ya sani: a da, mai rijiyar burtsatse yakan kashe injinsa da zarar kuɗin mai ya ƙare, tsadar mai ita ce linzamin da ke riƙe shi, yanzu kuwa rana ce ke tuƙa injin, ita kuma ba ta karɓar ko kwabo, saboda haka tun daga hantsi har la'asar babu abin da zai tsayar da tsotso sai tsoron Allah ko doka. Da yake rijiyoyi suna ƙara yawa, zurfinsu kuma yana ƙaruwa duk sa'ad da na sama suka ƙafe, tambayar da ta zama tilas ita ce: wa ya san yawan abin da ke can ƙasa, da ingancinsa, da kuma ko yana mayar da abin da aka ɗiba?

Abin da ya ba ni ƙarfin halin yin wannan tambaya shi ne yadda na ga mutanen wannan birni suka amsa ta a ƙasarsu. Guangzhou gari ne na mutum sama da miliyan 18, yana zaune a bakin Kogin Zhujiang, wato Kogin Lu'ulu'u, kusa da inda yake rarrabuwa ya faɗa teku, kuma ruwan saman da ke sauka masa a shekara ya kai wajen milimita 1,700, fiye da ninki biyu na abin da Sakkwato ke samu. Wanda ya ji haka zai ɗauka cewa ko'ina aka soka bututu ruwa mai daɗi zai fito. Da masana suka bincika, sai suka tarar da taskoki biyu a ƙarƙashin yankin, kowace da nata aibin.

Ta farko tana kudu, ƙarƙashin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan da kogin ya gina da laka a bakin teku. A can akwai rairayi da tsakuwa cike da ruwa, laka mai kauri ta rufe su, irin shimfiɗar da duk mai haƙa rijiya zai yi murnar samu. A shekarar 2010, Farfesa Jiao Jiu Jimmy na Jami'ar Hong Kong da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi wa ruwan, suka nuna cewa a zurfin mita 20 zuwa 50 sinadarin amoniya ya kai har miligiram 390 a lita ɗaya a waɗansu wurare, alhali ƙa'idar ruwan sha ta ƙasar Sin ba ta yarda ya wuce wajen rabin miligiram ba. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ba masana'anta ce ta zuba shi ba, ba kuma takin zamani ne ya tsiyaya ba: ragowar tsirrai da ƙananan halittu ne da suka ruɓe cikin lakar tun dubban shekaru, lokacin da teku ya mamaye wurin, kuma wannan tekun ya bar zartsinsa a cikin ruwan. Ashe zurfi ba ya tabbatar da tsarki, kuma ruwa yana iya yawa ya kasance bai shawuwa.

Ta biyu tana arewa, a kwarin da ake kira Guanghua, wanda ya ratsa gundumomin Baiyun da Huadu, inda filin jirgin saman Baiyun yake, wato ƙasar da kowane falkenmu yake fara takawa idan ya sauka. Ƙarƙashin wannan kwari dutsen farar ƙasa ne wanda ruwa ya rarake a hankali ya yi masa koguna da hanyoyi, ruwan cikinsa kuwa mai daɗi ne, mai yawa. Amma da aka dage da tsotsonsa a wajen Jiangcun a rabin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce, sai ƙasa ta fara burmawa a gonaki da kusa da gidaje. Dalilin a fili yake ga wanda aka yi wa bayani: muddin kogunan suna cike, ruwan yana tallafe da ƙasar da ke bisa su, idan aka janye shi da gaggawa, sai ƙasar ta riƙa zubewa cikin ramukan a ɓoye, har ranar da abin da ya rage a sama ya kasa ɗaukar kansa ya rufta. An sake ganin irin wannan a Jinshazhou, a yammacin birnin, tun daga 2007, sa'ad da aikin haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, ta layin da ya haɗa Wuhan da Guangzhou, ya zuƙe ruwan wurin, ƙasa ta nutse, gine-gine suka tsattsage.

To, da hukumomin birnin suka san haka, ba su ce tunda ruwa yana ƙasa sai a sha har ya ƙare ba, ba su kuma juya masa baya ba. Ruwan yau da kullum suka nemo shi daga koguna, komai nisa da tsada. A watan Satumba na 2010, gab da wasannin ƙasashen Asiya da birnin ya karɓi baƙuncinsu, aka buɗe aikin jawo ruwa daga Kogin Xijiang a Sanshui ta yankin Foshan, ta bututai masu tsawon wajen kilomita 70, masu ɗaukar kubik mita miliyan 3.5 a yini. A farkon 2024 kuma aka buɗe wata hanyar ruwa mai tsawon kilomita 113, an haƙa ta a ƙarƙashin ƙasa, tana ɗauko ruwan Xijiang daga Shunde zuwa Nansha da Dongguan da Shenzhen. Ruwan kwarin Guanghua kuwa, masu binciken ƙasa suka auna shi, suka ayyana shi cikin wuraren da za a koma wa idan larura ta taso. Larurar ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen 2021 Kogin Dongjiang ya yi ƙaranci irin wanda aka yi shekaru wajen 60 ba a gani ba, ruwan teku ya turo kai cikin kogin, har ruwan famfo a waɗansu unguwannin gabashin birnin ya yi ɗanɗanon gishiri. Garin da ya ga haka ya san darajar ajiyar da ba a taɓa ba.

A ranar 1 ga Disamba na shekarar 2021 wata doka ta ƙasa baki ɗaya a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa ta fara aiki a Sin, kuma sashe ɗaya daga cikinta ya cancanci a karanta wa kowane kwamishina. Ya hana ɗibar ruwan da ke da wuyar sabuntuwa sai a halaye uku: idan gaggawa ta taso, ko don shan jama'ar da ba su da wani ruwa sai shi, ko ɗan kaɗan don awo da bincike. Sinawa ba su kai ga wannan hukunci don sun fi kowa hangen nesa ba, wuya ce ta koya musu. A Shanghai, tsakanin 1921 da 1965, tsotson ruwa ya sa waɗansu sassan birnin suka nutse fiye da mita 2, har aka koma ana ɗura ruwa cikin ƙasa don a tsayar da abin. A filayen arewa, wajen Cangzhou, an bi ruwa mai zurfi shekara da shekaru har ƙasa ta sauka, aka wayi gari sai da aka jawo ruwa daga tafkin Danjiangkou, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ya isa Beijing a Disamba na 2014. Yau suna da tashoshin awon ruwan ƙasa sama da 20,000 a faɗin ƙasar. Su suna da dukiyar gyara kuskure irin wannan. Mu ba mu da ita, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah.

Ranka ya daɗe, in na juyo gida, sai in ga Allah ya yi mana baiwar da ya hana waɗansu. Kano da Zariya suna zaune a kan dutse tsantsa, ruwansu na ƙasa sai a cikin tsaga da ruɓaɓɓen dutse ake samunsa. Sakkwato kuwa tana kan shimfiɗu na rairayi da yumɓu da farar ƙasa, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu. Can ƙasa akwai ta Gundumi da ta Illo. Bisansu rukunin Rima, wato Taloka da Dukamaje da Wurno. Sannan Dange da Kalambaina, dutsen da ake toyawa a yi siminti, wanda kuma marmaronsa ke ciyar da tafkin Kware. Sai ta Gwandu a sama, wadda ta mamaye yamma har ƙasar Kabi. Duk sun ɗan karkata suna nutsawa wajen arewa maso yamma, suna shiga ƙasar Nijar. Ma'anar haka ita ce ruwan sama yana shiga kowace shimfiɗa ne a inda bakinta ya fito fili, sa'an nan ya yi ta tsiyaya a hankali cikin rairayi a ƙarƙashin murfin yumɓu, yana tara ƙarfi, har idan aka huda murfin a wuri mai kwari ya taso da kansa ba tare da inji ba.

Ba yau aka fara binciken wannan ba. A shekarun 1960 ma'aikatan binciken ƙasa na Amurka tare da na Nijeriya sun haƙa rijiyoyin gwaji a wannan yanki, kuma a 1973 biyu daga cikinsu, Anderson da Ogilbee, suka buga rahoton da ya nuna taskoki uku masu taso da ruwa da kansu: ta Gundumi, da ta Rima, da ta Gwandu. An kuma san cewa ba ɗaya suke ba wajen inganci, domin ruwan rukunin Rima a wurare da dama yana ɗauke da ƙarfe mai sa tsatsa da ɗanɗano marar daɗi, na Gwandu kuwa ya fi shi daɗi. A 1980 waɗansu masana daga Jamus, Geyh da Wirth, suka auna shekarun ruwan da ke kulle cikin shimfiɗar Gwandu, suka tarar ya yi dubban shekaru a wurin. Wannan magana ce mai nauyi ga mai tunani. Ruwan da yaro ke sha yau daga irin wannan rijiya ya sauka daga sama tun kafin a kafa Sakkwato a 1809, tun kafin Gobir da Kabi, a zamanin da damina ta fi ta yanzu albarka. Abin da aka tara a dubban shekaru kuwa ba ya dawowa a damina ɗaya ko goma. Waɗannan rahotanni an yi su ne lokacin da mutanen jihar ba su kai na yanzu ba, rijiyoyin burtsatse kuma ana iya ƙidaya su. Ilmi ne mai daraja, amma hoton jiya ne, ba ya gaya mana inda ruwan ya tsaya yau.

Ba sai mun je Sin ba ma kafin mu ga ishara. A Borno, tun daga ƙarshen shekarun 1950, an huda shimfiɗar tsakiya ta kwarin Tafkin Cadi, ruwa ya yi ta feshi da kansa, jama'a da makiyaya suka yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Amma da yawa daga cikin rijiyoyin an bar su a buɗe dare da rana ba marufi, ruwan yana kwarara cikin rairayi yana ƙafewa a rana, har ƙarfinsa ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, waɗansu suka daina tasowa sai da inji. Babu wanda ya yi niyyar ɓarna. Rashin awo da rashin mai tsaro ne suka yi aikinsu.

Mu ma mun ɗanɗani abin da ke tura gari neman ruwan ƙasa ido rufe. A farkon 2018 madatsar Goronyo, wadda aka gina don ta riƙe kubik mita miliyan 942, ta sauka har abin da ya rage bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, birnin Sakkwato da manoman rani suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A irin wannan rana ce ruwa mai zurfi yake zama rahama, in an same shi a cike, an san inda yake da abin da zai iya bayarwa. Matsayinsa matsayin rumbun tsaba ne a gidan manomi: mai hankali yana cin abin da gona ta bayar bana, yana sanin damin da ke cikin rumbu ɗaya bayan ɗaya, ba ya fasa shi sai shekarar da sama ta ƙi, wanda ya buɗe shi tun kaka don ya fi kusa da hannu, bazara ce za ta ba shi labari.

Awon da nake roƙo ba sihiri ba ne, aiki ne sananne mai matakai. Ana fara shi da tattara bayanan rijiyoyin da aka riga aka haƙa, da auna ƙasa da na'urar lantarki don a gane inda rairayi yake da inda yumɓu yake. Sai a haƙa rijiyar gwaji, ana ɗibar ƙasar da ke fitowa mita bayan mita ana rubutawa, a haƙa waɗansu ƙanana a gefenta don kallo kawai. Daga nan a kunna inji ya yi ta tsotso ba tsayawa, galibi kwana 3, ana duba yadda ruwa ke sauka a rijiyoyin gefe, sa'an nan a kashe a ga tsawon lokacin da zai ɗauka ya komo. Da wannan ake sanin abin da shimfiɗar za ta iya bayarwa, da tazarar da ta kamata a bari tsakanin rijiya da rijiya. Sai a kai ruwan ɗakin gwaji a nemi gishiri da ƙarfe da sinadarin fuloraid mai ɓata haƙora da ƙashi, da asanik mai guba wanda ba shi da launi ba shi da ɗanɗano. A ƙarshe a auna shekarunsa, domin shi ne zai raba ruwan da damina ke sabuntawa da wanda gado ne. Idan aka tsallake mataki ɗaya daga cikin waɗannan, caca ake yi da dukiyar jama'a.

Kada a ce wannan bidi'a ce ta Turawa ko ta Sinawa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan harimin rijiya, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya haƙa tasa a ciki ba, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ma'aunin shi ne cutarwa: duk nisan da in aka haƙa zai rage wa ta farko ruwa, to harimi ne. Yaya alƙali zai san wannan nisa a rijiyar da ta yi mita ɗaruruwa in ba a auna ba? Shari'a ta sanya ruwa cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu, ta hana israfi ko da a alwala ne a bakin kogi, kuma Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi don kada ƙishirwar Musulmi ta zama hajar mutum ɗaya. Ƙa'idar waƙafi kuwa ita ce a ci amfani a tsare asali. Waɗanda ba a haifa ba tukuna suna da haƙƙi a cikin wannan ruwa, ba su da wakili a majalisa, amanarsu tana hannun wanda ke kan kujera.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Na farko, a tattaro duk rahotannin da aka taɓa yi a kan ruwan ƙasar Sakkwato, na ma'aikatar ruwa, da na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da na hukumar tarayya mai kula da awon ruwa, a ajiye su wuri ɗaya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ɗalibi da ɗan kwangila da ɗan jarida za su iya dubawa.

Na biyu, a yi wa kowace rijiyar burtsatse rajista, tsohuwa da sabuwa, ta gwamnati da ta sadaka da ta masu sayar da ruwan leda, kuma kada kamfanin haƙa ya tashi daga wurin aiki sai ya miƙa takardar zurfin da ya kai, da irin ƙasar da ya ratsa, da inda ya tarar da ruwa. Ilmin da ke salwanta kullum a bakin waɗannan ramuka ya fi abin da kuɗi zai saya daga baya. A sa hakimai da dagatai cikin aikin, don babu rijiyar da za a haƙa a ƙasarsu ba su sani ba, kuma kada rajistar ta zama hanyar haraji a kan talaka.

Na uku, a keɓe rijiyoyin kallo a kowace shimfiɗa, waɗanda ba a tsotso daga cikinsu, a riƙa auna su wata-wata, a kuma riƙa faɗin sakamakon a Rediyon Rima da harshen da jama'a ke ji, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi. Mutumin da ya ji da kunnensa cewa ruwan garinsu ya sauka bana fiye da bara zai fi saurin karɓar doka.

Na huɗu, kada a sa hannu a kan wani babban aikin ruwa na gari da zai dogara da shimfiɗa mai zurfi sai an ga sakamakon gwajin tsotso da na ɗakin gwaji da na shekarun ruwan, daga hannun masanan da ba su da rabo a kwangilar.

Na biyar, a kai wa majalisar jiha ƙudurin doka wanda zai keɓe ruwan da awo ya nuna ba ya sabuntuwa ga sha da larura, noman rani kuma ya tsaya ga gulabe da madatsu da ruwan fadama wanda damina ke mayarwa. Ya wajabta sa marufi a kan duk rijiyar da ke tasowa da kanta. Ya kuma wajabta toshe gefen bututu da siminti, don kada ruwan masai da na zartsi su bi ramin su gurɓata na ƙasa, domin shimfiɗa mai zurfi in ta gurɓace babu mai wanke ta.

Na shida, a zauna da maƙwabta. Waɗannan shimfiɗu sashe ne na babban kwarin Iullemmeden wanda Nijeriya da Nijar da Mali suka yi tarayya a kansa, ruwan kuma bai san shingen kan iyaka ba. Abin da aka tsotsa a Birnin Kabi ko a jihohin Tawa da Dosso yana iya shafar namu, namu ma yana iya shafar nasu. Jihohin Sakkwato da Kabi da Zamfara jiha ɗaya ce a da, taskarsu kuma har yanzu ɗaya ce, ya dace littafin awonsu ya zama ɗaya.

Na san za a ce mai jin ƙishirwa ba ya jiran rahoto, kuma gaskiya ne. Ban roƙi a tsayar da rijiya ko ɗaya ta ƙauyen da ba shi da abin sha ba, dokar Sin ɗin ma ta ware irin waɗannan. Abin da nake cewa shi ne haƙa da awo su tafi tare, kowace sabuwar rijiya ta ba da ruwa ta kuma ba da labari. Za a kuma ce babu kuɗi. Amma kuɗin rijiyoyin kallo da albashin masu duba su bai kai ko kusa da asarar tanki da bututai da injunan da za a kafa a kan ruwan da zai janye bayan 'yan shekaru ba, ko wanda za a tarar bai shawuwa bayan an yanke ƙyalle an watse. Za a ce kuma aiki ne da ba a ganinsa, ba ya jawo tafi ranar buɗewa. Wannan ma haka ne, sai dai sadaka mai gudana ba a auna ta da tafi, kuma shugaban da ya bar wa jiharsa sanin abin da ke ƙarƙashinta ya bar wa duk wanda zai gaje shi abin aiki.

Muna da matasa masu karatun ilmin ƙasa da na ruwa a Sakkwato, muna da waɗansu a jami'o'in ƙasashen waje har da nan Sin, abin da suka rasa shi ne a kira su a ba su aikin. Ina roƙonka, don Allah da darajar amanar da ka yi rantsuwa a kanta, ka ba da umarnin fara rajistar rijiyoyi da kafa rijiyoyin kallo a cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kafin wani fari ya tilasta mana buɗe abin da ba mu san iyakarsa ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani falke ɗan Sakkwato,
mazaunin Guangzhou.